Fam Biyu da Sule Arba'in

Ranar da waya ta zo ina layin biya a kanti,
albasa uku a hannu, da madarar Mudassir.
Wata murya daga Landan ta ce tuluna ne ya ci.
Na ce na gode. Na sake cewa na gode.
Mai karɓar kuɗi ta tambaye ni ko ina son leda.

Murna ta rako ni har tashar bas ta Hanley,
nan ta toge, kamar baƙuwa mai kunyar shiga gida.
Abin da ya hau motar tare da ni
wani sanyi ne a ƙasan cibiya,
irin na wadda aka ba canjin da ya fi nata,
tana tafe tana jiran a ƙwala mata kira.

Daren bikin sun ɗora shi cikin gilashi,
fitila uku na haska masa wuya.
Tulun da ya yi wata biyu a bayan ƙofa
yana tokare ta kada iska ta buga,
yau ba mai taɓa shi sai da safar hannu.

'Yar jarida ta miƙo na'ura dab da bakina:
Wannan launi, tsakanin toka da jinin kare,
daga ina?
Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.
Na ce ƙasar garinmu ce bayan ruwan farko.
Na ce hannun kakata Tabawa ne ya biyo ni.
Na ce tsagar nan ta gefe
ita ce hanyar da ke raba mutum da gida.
Ta rubuta. Idonta har ya kawo ruwa.
Ni ma nawa ya kawo, don ban yi ƙarya ba,
ko kuwa na yi, ban san a wace gaɓa ba.

Ga abin da ban faɗa ba:
daren Talata ne, cikin Fabrairu,
tanderu ya kai tsakiyar gashi
mita ta yi ƙara, wuta ta ɗauke.
Fam biyu da sule arba'in suka rage a jakata.
Na sa kwat a kan rigar barci,
na taka har gidan mai, mai kanti ya rufe.
Maureen ta maƙwabta ce ta ranta min goma da asuba.
Na kunna, ina zagin kaina,
na tabbata na yi asarar yumɓu.

Kuma Tabawa ba ta taɓa gina tukunya ba.
Daddawa take sayarwa.

Tun daga nan sau tara ina kashe wuta da gangan.
Na duba agogo, na jira, na kunna.
Sau tara ina fito da abu mai kamar dafaffen ƙwai.
Sanyin daren ne? Tsawon tafiyata? Fushina?
Tanderu ya san abin da ya yi, ya ƙi faɗa.

Mijina ya ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu.
Na ce nawa tuntuɓe ya yi, ya faɗo cikin zanena.
Ya ce shekara goma sha ɗaya kina cikin dajin nan,
wa kike so ya faɗo wa?
Ban amsa ba. Ina wanke faranti.

Jibi zan yi wa ɗalibai jawabi a Manchester.
Labarin ya yi santsi yanzu, kamar bakin tsohuwar randa,
har Tabawa ta samu wurin gini a gindin tsamiya,
har na fara tuna ƙamshin hayaƙinta.
Na biya Maureen goman ta.
Ita kaɗai, in mun haɗu wajen fitar da shara,
take kallona ta ce, yaya mita?
Mu yi dariya, hannuwanmu cikin aljihu.