Kifi a Fiffiken Mala'ika

Ranar Talata muka sauke tagar kudu,
ni da Bastien a saman katako,
Madam Vauthier a ƙasa tana ƙirge,
ba ta ɗaga murya, yatsa kawai take ɗagawa.
Shekara ɗari biyar tagar nan
tana shan ruwan saman Troyes da hayaƙin kyandir,
dalmar da ke riƙe da ita ta saki
kamar dasashin tsohuwa.

A kan tebur, babu rana a bayansa,
gilashi ba kowa ba ne.
Baƙi wuluk, sai ka ce gindin tukunya.
Waliyyin da ake durƙusawa a gabansa
guntaye ne ɗari da sittin da uku,
kowanne da lambarsa a takarda.

Auduga a bakin tsinke, ɗigon ruwa.
"Solène, ba a gogewa," in ji Madam, "lallashi ake yi."
Ita ta gaya mini yashi ne da toka
wuta ta sasanta su;
ja daga tagulla yake, in ya yi kauri ya koma duhu,
shi ya sa ake shimfiɗa shi siriri a kan fari;
ruwan ɗorawa kuwa azurfa ce da ta kwana a tanda.

Sati na uku na isa fiffiken mala'ika.
Gashi, gashi, gashi,
sai wani guntu da ya ƙi zama gashi.
Na ɗaga shi ga fitila.
Ɓawo ne jere-jere, ga ido ɗaya zuru.
Kifi!

Wani ne, can baya, bayan ƙanƙara ko jifa,
ya hau tsani da sanyin safiya,
aljihun majami'a wayam,
ya laluba kwandon fasassu,
ya yanko tekun wata taga ya toshe sama da shi.
Daga ƙasa, wa zai bambance ɓawo da gashi?

Na ce zan gyara.
Dare uku ina dama tsatsar ƙarfe da garin gilashi da ƙaro,
ina jan layi da gashin kurege,
na gasa, na huce, na sake.
Gashin fiffike na huɗu ya fito har ni kaina na yi shiru.

Madam ta juya shi a hannu, ta daɗe.
Ta ce hannuna ya nuna.
Sannan ta ja aljihun tebur ta saka shi.

"Mutumin nan iska ya tare, kuma ta taru.
Shekara nawa kifinsa yana tashi, bai faɗo ba?
Ke jiya kika zo."

Ban ci abincin rana da su ba.

Da yamma na buɗe babban littafi na rubuta:
guntu na casa'in da ɗaya, kifi, ba ɗan gida ba ne,
an mayar da shi inda aka same shi.
Fuskar yaron da ta ɓata tun kafin kakanninmu
ba mu ƙirƙiro masa wata ba,
gilashi muka sa, launin hayaƙi,
da shekarar bana a gefe, ƙanana, don mai zuwa.

Sabuwar dalma, ƙusoshin kofato suna tokare,
kitse, kuza, ƙarfe mai zafi,
gaɓa bayan gaɓa har yatsuna suka tsattsage.

A watan Mayu muka mayar da ita.
Wajen sha ɗaya rana ta zagayo,
shuɗi ya zubo kan daɓen dutse,
mai shara ta ratsa cikinsa da bokitinta, ba ta ko duba ba.
Bastien yana cigiyar makullin mota.
Ni ina tsaye, wuya ya ƙage,
ina neman ido ɗaya a cikin gashin nan.
Na san layin, na san lambar,
amma sai da na matsa taku biyu hagu.