Tazarar Yatsu Biyu

A Wick iskar teku ba ta sallama.
Ta ƙarƙashin rufi take shigowa,
ta zauna inda ta ga dama.

Shekara talatin ɗakin saman nan
akwatuna ke kwana cikinsa,
da keken ɗinkin marigayiya Effie, da komar da na daina jefawa.
Akwati ba ya kukan sanyi.
Sai ga wayar Catriona ran Talata:
Baba, ni da Struan muna tafe. Kada ka tambaye ni komai.

Na hau da fitila. Numfashina ya riga ni shiga, fari fat.
Ƙusoshin rufi sun yi gumi,
kowace da ɗigonta a baki.

Murdo kafinta ya kawo ulun tumaki, dami goma sha ɗaya,
da sauran warin garke a jikinsu.
Muka durƙusa tsakanin katakai muna cusawa.
Kaina ya gaisa da azara sau uku.
In na ga kafa in danna, in ƙara dannawa,
so nake ko allura kada ta wuce.

Murdo ya riƙe min hannu.
Ya ce, Dougal, bar tazarar yatsu biyu
tsakanin ulu da rufi.
Abin da ka hana numfashi, a ɓoye yake ruɓewa.

Na bari.

Muka jawo bututun ruwan zafi daga kicin,
amma tukunyar ta tsufa, hawa bene na ba ta wuya kamar ni.
Hita ta ɗau ɗumi a gindi, samanta ƙanƙara.
Na murɗa ɗan makulli, iska ta fita tana tsaki,
baƙin ruwa ya tofa min a hannun riga,
sannan ƙarfe ya soma ƙas, ƙas, yana miƙa.

Asabar da dare suka iso,
jaka biyu da kyanwa a kwali.
Struan ya tuɓe safa ya taka katako, bai ɗage ƙafa ba.
Catriona ta tsaya ƙarƙashin tagar rufi,
rigar sanyinta a jiki, ta daɗe,
can ta ɓalle maɓalli ɗaya.
Tambaya ta zo min har haƙori.
Na ce, in dafa shayi?

Da safe na fita titi na ɗaga kai.
Rufinmu da ke riga na kowa narkar da dusar ƙanƙara
ga shi nan fari,
bai zubar da komai ba.