Turke na Takwas

Shekara sittin da uku ina kwana ƙarƙashin rufi,
talatin daga ciki ina tuƙa bas a titunan Abertawe.
Na san kowane rami, na san kowace kwana,
amma ban taɓa kafa tanti ba.

Mabli, jikata, ita ta sayi tikitin.
Ta ce, "Tun da Kaka Nesta ta rasu
kai da talabijin kuka zama abokan hira."
Ban tanka ba. Na naɗe bargo na bi ta.

Kurmin yana bayan wata gonar tumaki,
can cikin tsaunukan Wales.
Muka tura kaya a baro, tayarsa na kuka,
taɓo na tsotsar takalmina kamar yana bina bashi.

Takarda ta ce turke takwas. Na ƙirga bakwai.
Na sake ƙirgawa, yadda nake ƙirga canjin fasinja,
bakwai ɗin dai.
Yayyafi ya sauko. Sanda ta lanƙwashe ta mare ni a kunne.
Maƙwabciyarmu Eluned, mai sassaƙa cokula,
ta dube ni, ta dubi sama,
ta tsinci reshe, ta fere shi sau huɗu da wuƙa,
ta miƙo min, ko uffan ba ta ce ba.

Da rana na ga abin da baki ba ya iya ƙirgawa.
Kifayen kwali suna iyo tsakanin rassa.
Wata ta saƙa wa itace rigar ulu har da maɓalli.
Wani yana karanta waƙa ga mutum shida da kare ɗaya,
karen ne ya fi kowa natsuwa.
Aka zaunar da ni gaban yumɓu.
Na yi niyyar kofi,
abin da ya fito Mabli ta raɗa masa suna
kwaɗo mai baƙin ciki.

Dare ya yi. Katifar iska ta sace a hankali,
wata saiwa ta sami haƙarƙarina ta tare a nan.
Ƙarfe uku fitsari ya tashe ni.
Zif ya cije, tocila ta mutu,
a dawowa kowane tanti ya zama ɗan'uwan wani.
Ni, da ban taɓa ɓatan hanya da fasinja ba,
ga ni cikin wandon barci ina ba igiyoyi haƙuri.

Sai na ji goge.
Irin babban nan da ake runguma tsakanin gwiwoyi.
Wani yaro ne ƙarƙashin fitilar takarda,
shi kaɗai, yana bitar abin da zai kaɗa gobe.
Duk ya zo wuri guda sai ya kuskure,
ya ja tsaki, ya koma farko.
Mujiya tana ba shi amsa daga duhu.

Haka Nesta take yi a bakin wanke-wanke,
tana ɗan rera waƙa,
kullum a gaɓa guda muryarta ke zamewa,
kullum ina yi mata dariya.
Wata goma sha tara ban ji wannan kuskuren ba.

Na zauna kan kututture mai gansakuka.
Ruwan sama ya rufa min asiri.

Da gari ya waye Mabli ta tarar da ni can,
wani ya lulluɓe ni da bargon da ba nawa ba.
Ta hura risho, ta ɗora buta.
"Yaya daren?"
Na ce, "Sanyi."
Ta zuba min shayi a kwaɗon, yana yoyo ta gindi.

Ran Litinin muka tuge turaku.
Bakwai sun koma jaka.
Na takwas yana aljihun kwat ɗina har yau,
da ƙasar kurmin a bakinsa,
yana huda min yatsa duk na nemi mabuɗi.