Ashana a Ƙarƙashin Littafi

Ran ɗaya ga Janairu na cika baki
a bencin baya na cocinmu a Wusasa:
sura uku kowace safiya har shekara ta ƙare.
Na sayi jan biro, na sayi jadawalin karatu,
na rubuta Afiniki Tanko a samansa
kamar mai sa hannu a takardar bashi.

Kafin Fabrairu ta raba
rasit ɗin wutar da na yi alama da shi
ya kwana goma sha tara a shafi guda,
tsakanin wane ya haifi wane, wane ya haifi wane.
Ni da nake karɓar haihuwa a Shika,
haihuwar takarda ce ta kayar da ni.

Ba ƙi na yi ba, Ubangiji, ka sani.
Ƙarfe biyar ruwan wanka, da rabi kunun yara,
takalmin Gayus ƙafa ɗaya ya yi ɓatan dabo,
a Kwangila mota ta cika ta bar ni tsaye.
Ɗakin haihuwa kuma bai san agogo ba:
wata an kawo ta daga Giwa jini na zuba,
wata tagwaye, ɗaya ya juyo da ƙafa.
In dawo, in buɗe Littafin a kan gado,
in farka goshina manne da shafi,
fitila na ci, ko aya ɗaya ban riƙe ba.

Na gwada waya.
Aya a sama, ƙarƙashinta saƙon adashi,
saƙon zumuntar mata, hoton ankon bikin wance.
Na shiga neman Maganarka,
na fito da farashin yadi shida.

Sai wani dare, wajen ƙarfe uku,
na tarar da Iya Kande mai goge mana ƙasa
zaune kan bokitin da ta kifa a baranda,
ƙaramin Littafi a cinya, bangonsa leda,
yatsa na tafiya a hankali ƙarƙashin layi.
Na ce, Iya, ina kika samo lokaci?
Ta ce, ba samowa na yi ba, 'yar nan.
In na goge, dole in jira ƙasa ta bushe.
Kafin ta bushe na yi aya biyar.
Shekara nawa? Ta ɗaga kafaɗa,
ta ce kada in taka mata wajen da bai sha iska ba.

Da na koma gida na sauko da nawa daga kan sif,
na kai shi kicin,
na danne kwalin ashana da shi.
Duk mai son wuta a gidan nan sai ya ɗaga shi.

Butata minti bakwai take yi kafin ta tafasa.
A tsaye nake karatu, zani a ƙirji,
ladan na kiran assalatu daga can ƙetaren titi,
Kufena bai gama fitowa daga duhu ba.
Aya goma, wata ran shida,
wata ran guda ɗaya ta riƙe ni har ruwa ya ƙone.

Akwai safiyar da na zare ashana ta gefe
kamar ɓarauniya, ban buɗe ba.
Akwai makon aikin dare da ya tafi fayau.
Na daina biyan bashin jiya.
Inda na tsaya, nan nake ɗorawa.

Yanzu Oktoba, an fara yankan masara,
jadawalin nan yana can baya, ban kai rabi ba.
Gefen shafuka ya sha manja da tururi.
Amma shekaranjiya, jariri ya fito shiru, shuɗi,
ina murza masa baya, uwar na kallon bakina,
sai layin da na karanta kan buta ya taso da kansa,
ya zauna a harshena har yaron ya tsala kuka.

Yau na makara. Na shigo kicin da gudu,
na ga Gayus ya riga ni ɗora ruwa,
ashana a hannu ɗaya,
yana haɗa baƙi da ƙyar.
Na tsaya bakin ƙofa.
Motar Shika ta tafi, wata za ta zo.