Tafinta 'Yar Shekara Tara

Ina shekara tara na fara aikin asibiti,
ba albashi, ba farar riga.
Babana Baldomero na zaune bisa gadon gwaji a Mendota,
ƙasar gonar kankana ta bushe a wuyansa,
likita na zuba Turanci,
ni ce gadar da za a taka.

Ya faɗi wata kalma. Ƙoda yake nufi.
Ban san ta ba, kunya ta hana ni tambaya.
Na ce, "Baba, wai bayanka ne ya gaji."
Ya yi dariya: bayan da ke sunkuye tun asuba, ai dole.
Takardar da aka ba mu
ta shekara biyu a aljihun mota,
sai da ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi
muka nemo ta.

Mama Eulalia ta sayar da tamale a ƙofar coci
har kuɗin jarrabawa suka cika.
A zauren da ke cin ɗalibi ɗari da hamsin
na ƙirga mu da ido:
mu bakwai.
Muka san juna ba tare da gaisuwa ba.

Wata rana a hawa na huɗu
wata mata ta miƙo mini kwandon shara,
ga sunana rataye a ƙirji, Itzel Barragán.
Na karɓa, na zubar,
na wanke hannu,
na dawo na karanta mata sakamakon jininta.

Yanzu na koma gida, bashin karatu na bina kamar inuwa.
In na yi gaisuwa da Sifaniyanci
sai kafaɗu su sauko,
tsohuwa ta kwance bakin jaka
ta zazzage magungunan da ta ɓoye wa likita uku.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
in dai ya sami kunnen da zai faɗa wa.

Na ɗauka na biya bashin Baba ke nan.

Jiya aka shigo da Don Celestino, mutumin Oaxaca.
Na yi masa Sifaniyanci, ya dube ni
yadda Baba ya dubi wancan likitan.
Harshen Mistek yake ji.
Jikarsa Nayeli ta matso, haƙori biyu babu,
ta gyara tsayuwa za ta fara aiki.

Na ce, "Zauna, wannan kaya ba na kanki ba ne."
Minti arba'in muka jira tafinta a waya.
Kafin nan na sa mata abin sauraron zuciya,
ta ɗora a ƙirjin kakanta,
idonta ya buɗe.

Ta ce, "Shekara nawa ake yi a zama ke?"
Na faɗa mata.
Ta fara ƙirgawa da yatsu,
yatsun suka ƙare,
ta jawo hannun kakanta ta ci gaba.