Cikin Aro

Ubansa ya mutu shekara goma sha ɗaya,
bijimin da ban taɓa jin rurinsa ba.
Abin da ya saura nasa yana cikin tulun ƙarfe
a ɗakin ajiya, kusa da buhunan gishiri.
In an buɗe murfin, sanyi ke tashi kamar hayaƙi.

Uwarsa kuwa tana Uberaba, ƙarƙashin fanka,
ana yi mata wanka da sabulu, ana goge mata tozo.
Ba ta san naƙuda ba.
Ƙwai kawai ake zuƙa daga jikinta da allura,
'ya'yanta sun haura ɗari, ba wanda ta lasa.

Jabuticaba ce ta ɗauki kayan,
baƙar karsana mai tsagaggen kunne,
ba takarda, ba asali, sai faɗin ƙugu.
Likita Ercília ta zura hannu har kafaɗa,
ta ajiye ɗan tayin kwana bakwai
wanda ido ba ya iya gani,
ta tuɓe safa, ta tambaya ko akwai sauran kofi.

Ashirin muka dasa wa a ranar.
Tara suka riƙe.
Biyu suka yi ɓari cikin sanyin Yuli,
na binne abin da suka zubar a gindin ayaba
ban gaya wa matata ba.

Na ƙirga kwanakin a jikin ƙofar garke da gawayi.
Ranar ta zo, ta gaishe mu, ta wuce.
Kwana tara a kai, ciki na ta hauhawa,
hantsa ta cika har tana ɗiga.
Na sha ganin haka ga 'ya'yan kwalba:
sukan yi nauyin zama, su fi ƙarfin ƙofar fita.

Daren ruwan Janairu ta durƙusa.
Kofato biyu suka leƙo, kowanne ya kai tafin hannuna,
daga nan shiru.
Zuleide ta riƙe fitila, na ɗaura igiya,
na ja, na jira nishinta, na sake ja.
Shekara arba'in ina karɓar haihuwar shanu,
hannuna ya san wurin da ƙarfi ke zama kisa.
Na saki igiyar.

Motar likita ta kafe a jar laka wajen gada,
ta ƙaraso a ƙafa, takalmi ɗaya a hannu.
A tsaye ta yanka ta, ta gefen hagu.
Mu uku muka ciro shi, yana tururi,
kilo hamsin da biyu, harshe waje, ba numfashi.
Na tsokane hancinsa da tsinken ciyawa.
Ya yi atishawa.
Zuleide ta yi dariya, fitilar na rawa a hannunta.

Da asuba maigida Gaudêncio ya bugo waya daga birni.
"Valdomiro, ya zo da rai? Yaya kunnuwansa?"
Na ce dogaye ne, irin na uwarsa.
Bai tambayi wadda aka ɗinke ba,
ni ma ban tsoma baki ba.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A takardar haihuwa akwai gurbin uba, akwai na uwa,
ita lamba ce a can ƙasa, ɗari huɗu da shida.
Amma ga ta nan, ɗinki talatin a haƙarƙari,
ƙafafu na karkarwa,
tana lasar jan maraƙin da bai ɗauko ko gashinta ɗaya ba,
tana tura shi da hanci wajen dakashi.
Da na matso da bokiti ta sunkuyar da ƙaho.
Ba ta karatu.
Na ja da baya, na bar mata ɗanta.