Waƙafi a Sashe na Tara

Ni ce mai riƙe biro a majalisar garinmu,
can arewacin Wiskonsin, inda tafki ke daskarewa tun Disamba.
Shekara goma sha tara ina rubuta maganar mutane,
ban taɓa tsoma bakina ba.

Daren Talata. Kujerun ƙarfe, kofi ya huce a buta.
Orrin Haugland ya miƙe, hula a hannu,
takalminsa na zubar da laka a dardumar hukuma.
Eka shida gare shi bayan layin dogo,
inda ubansa ya yi kiwon shanu har bashi ya kora su kasuwa.
Ya ce, ku ba ni ganyenku.
Ku ba ni ciyawar da kuke askewa duk Asabar,
da reshen da iska ta karya,
da kabewar da ta ruɓe a bakin ƙofa.
In niƙa, in tara, in juya,
in mayar muku da baƙar ƙasa.

Lauya ya lashi yatsa, ya buɗe kundi.
A taswira filin kore ne, wato noma.
Amma abin da bai tsira a gonarka ba, in ji doka, shara ne,
shara kuwa sai shiyyar masana'antu.
Mu da masana'antarmu ɗaya tal, ta cuku,
ita ma tantabaru suka gaje ta.

Marlys Tveit ba ta jira an kira sunanta ba.
Katangarsu ɗaya.
Ta ce rijiyata fa?
Ta ce ɓeraye, ta ce ƙarar inji da asuba,
ta ce mijina da bututu yake numfashi,
ku zo ku shanya zanen gado a bakin juji, ku kwana a kansa.
Ba wanda ya yi dariya.
Na rubuta: an nuna damuwa.
Ƙarya ce ƙarama, ta aikin ofis.
Muryarta rawa take yi.

Tsoho Lyle Dombek, daga can baya,
ya ce da ƙonawa muke, kuka hana saboda hayaƙi.
Yanzu mota ke kai ganye mil arba'in a binne,
mu biya kuɗin mai, mu biya kuɗin rami,
da bazara mu sayo taki a leda daga wata jihar.
Wa ya gama lissafin nan?

Zama uku aka yi ana ja.
Aka auna taku ɗari uku daga rijiya.
Kada tsibi ya fi mutum biyu tsawo.
Ba inji ran Lahadi, ba ragowar abinci, ko ɓawon ƙwai.
A dasa itatuwa ta gefen Marlys,
bayan shekara a dawo a duba.
Hannu uku suka tashi. Biyu suka tsaya a kan cinya.

Washegari na zauna gaban na'ura, na nemo Sashe na Tara.
Inda aya take na sa waƙafi,
na ƙara rabin layi.
Shi ke nan. Wata uku na hayaniya,
bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Marlys har yau ba ta gaishe shi.
Tana da littafi a taga, tana rubuta inda iska ta nufa,
sau biyu ta kira ni, sau ɗaya da gaskiyarta.

Ran nan cikin Janairu na bi ta wajen,
sanyin da ke manne gashin hanci.
Ko'ina fari fat, ban da tsibin nan,
baƙi, yana fitar da tururi kamar sa a kwance.
Orrin ya ce cire safa, tura hannu.
Na tura har gwiwar hannu.
Zafi, kamar cikin burodi.

Buhu goma sha ɗaya na kawo nan a Oktoba,
daga itacen da marigayi mijina ya dasa shekarar aurenmu.
Na daɗe ban zaro hannun ba.

Wannan ban sa shi a rubuce ba.